Sha Tara ga Wata

Littafin lissafin Ladidi ne, na aji huɗu,
ta cinye rabi da tarawa da ɗebewa, ta bar mini rabi.
A nan nake tsaron kuɗina kamar mai kiwon zabi:
ka ƙirga da safe, ka sake da magariba,
kullum sai ɗaya ta yi daji.

Yau sha tara ga wata.
Wutar Rigasa ta ɗauke tun la'asar,
ina haska shafi da fitilar waya,
ita ma numfashinta saura kaɗan.

Keke zuwa Kasuwar Barci, ɗari huɗu.
A dawowa na taka sayyada har Bakin Ruwa,
na tsirar da ɗari biyu, na rage wa takalmi kwana.
Mudun masara. Niƙa. Manja rabin kwalba.
Katin mita, dubu biyu, na wutar da ba ta zo ba.
Jarka huɗu a wurin mai ruwa.
Maganin hawan jinin Inna, shi ba a tayawa.
Gudummawar suna gidan Barau, dubu ɗaya,
na miƙa ina dariya,
haƙorana kaɗai suka je sunan.

Na haɗa. Na sake haɗawa.
Ɗari biyar ba ta nan.
Na zazzage aljihu: ɓarin goro, maɓalli, takardar kemis,
da zaren da aljihun ke yi mini gargaɗi da shi.

Babana ya yi shekara ashirin a masaƙar Kakuri,
a bayan kwalin sukari yake nasa lissafi.
Yakan ce albashi ƙanen albasa ne:
ɓawo bayan ɓawo, ido na ruwa,
ka kai tsakiya ka tarar ba kowa.
Ranar da aka garƙame ƙofar masaƙa
ya dawo da kwalin a aljihun gaba,
kowane kwabo da sunansa.
Ga ni ɗansa, ɗari biyar ta gagare ni.

Na zargi Sallau mai shago da canji.
Na zargi yaron keke.
Har na ɗaga ido wajen Tabawa tana tankaɗe,
na maido idona da sauri, na yi istigfari.

Ƙamshin ne ya riga tunani isowa:
ƙuli, yaji, hayaƙi.
Bakin Ruwa. Tsire. Tsinke ɗaya.
A tsaye na ci, na juya wa titi baya
kamar mai cin abin maraya,
na goge baki da takardar,
na bi da goro kada yara su ji.

To, a wane gida zan sa ta?
Abinci na gida ne, wannan bai iso gida ba.
Magani? Ya yi kusa.
Na ja sabon layi a ƙasan shafi,
na rubuta: Ni, ɗari biyar.
Biro ya yi gardama,
bai taɓa rubuta kalmar ba.

Da na dawo sallar asuba
na tarar da littafin a buɗe kan buhun masara,
ƙarƙashin layina, rubutun Tabawa,
ƙanana, masu jingina da juna:
Ni ma. Awara, ɗari biyu, ranar Talata.
Kuma da yaji.

Na yi dariya har Inna ta yi gyaran murya.

Saura kwana goma sha ɗaya,
saura dubu sha huɗu da ɗari uku.
Na ɗebe bashin Sallau, na ɗebe adashi,
na zo kuɗin jarrabawa, ya ƙi ɗebuwa.
Ladidi ta leƙo ta kafaɗata, bakinta duk koko:
"Baba, in na sama bai kai ba,
aro ake yi a wurin na kusa."

Na ce, na sani, uwata.
Na kusan ma wata yake jira.